Kifin Banza Mai Cin Albashi

A gabashi da tsakiyar Amurka akwai wasu bayin Allah da shagunan kifin ado ke buɗe a unguwanninsu, cike da kifaye masu launi waɗanda aka haifa a gilashi, masu cin duk abin da aka barbaɗa musu ba gardama. Amma su sai su ce wannan bai yi musu ba, sai sun shiga fadama da ƙafarsu sun kamo wani kifi da ake kira grass pickerel, wato fikarel ɗin ciyawa, sun kawo shi falo sun sa a tankin gilashi. Hujjarsu ba ta wuce uku: kyauta ne, ƙarami ne, kuma ɗan ƙasa ne. Na auna hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya, abin da na gano shi ne a duk harkar nan mutum ɗaya ake kamawa, kuma shi ne mai riƙe da homar. Kifin dai ya yi sauyin gida, ya kuma samu bara wanda ba ya karɓar albashi, hasali ma nasa albashin yake kawowa.

Bari in fara da batun ƙanƙanta, don ita ke fara yaudarar mutane. Gaskiya ne fikarel ɗin ciyawa, wanda masana ke kira Esox americanus vermiculatus tun bayan da Bafaranshen nan Lesueur ya bayyana shi a 1846, da wuya ya wuce santimita 30. Sai dai a tambayi gidan da ya fito. Yayyensa su ne pike da muskellunge, ƙattin mafarautan tafkunan arewa da kan zarce mita guda. Shi ne autan gidan, kuma a jiki kaɗai aka rage masa, hali kuwa an ba shi cikakke. Siriri ne, dogo, bakinsa shimfiɗaɗɗe irin na agwagwa amma cike da haƙora, ga wani baƙin layi da ya gangaro daga ƙarƙashin ido. Fiffiken bayansa can kusa da wutsiya yake, domin an gina shi ne don zabura guda ɗaya, ba don yawo ba. Daga kudancin Ontario da Michigan har kwarin Mississippi zuwa gabashin Texas, sana'arsa ɗaya ce: ya lafe cikin ciyawar ruwa bai ko motsi, in ƙaramin kifi ko ɗan kwaɗo ya gifta ya cafke shi ta gefe, ya juya shi, ya haɗiye ta kai. Wanda ya dubi wannan halitta ya ce «ai ɗan ƙarami ne», to tsayi ya auna, bai leƙa baki ba.

Sai batun kyauta. Wannan kifi ba ya zama inda mai takalmi mai tsabta zai tsaya. Gidansa ruwa ne maras gudu, mai ciyawa cunkus, ƙasansa taɓo: fadamu, matattun rassan kogi, da lambatun da manoma suka haƙa don tsane gonaki. Ƙugiya kuwa ba ta dace da kifin da ake so da rai ba, don tana yaga baki. Dole gogan naka ya sayi homa mai dogon mariƙi ko ɗan taru, ya sayi wandon roban nan mai haɗe da takalmi da ke kaiwa ƙirji, ya sayi bokiti mai murfi da ɗan injin iska mai batir, kafin ma ya ga wutsiyar kifi. Dabarar da aka sani ita ce a kafa homa a gefen ciyawa, a riƙa tattaka ciyawar da ƙafa ana koro abin da ke ciki. A baki abin da sauƙi. A cikin ruwa kuwa, ƙafar da ta taka ba ta dawowa sai da ciniki: taɓo ya riƙe takalmi, mutum ya ja, ya karkata, ya tura ɗaya ƙafar don ya daidaita, ita ma ta lume. Daga nan ruwa ya sami ƙofa ta saman wandon, kuma wandon da aka saya don ya hana ruwa shiga shi ne zai hana shi fita. In farkon bazararsu ce, lokacin da ƙanƙara ta narke kifin ya matso gefe don zuba ƙwai, ruwan bai fi digiri 4 zuwa 12 ba, sanyin da ke sa babban mutum ya kira sunan mahaifiyarsa. In ya jira zafi, sauro da matsattsaku sun karɓi aiki, ga wata kififiya mai cizo kwance cikin laka tana jiran yatsa. Duk wannan bidiri kuwa, kifi na ganinka mai jar koma: yana nan taku biyu daga homar, ya saje da karan ciyawa, sai an kusa taɓa shi ya ɓace.

A ce Allah ya ba da sa'a an kama. Saura tambayar da ba a yi ba tun a gida: me aka kama? 'Ya'yan pike suna zama a irin wannan ciyawar, kuma a ƙuruciya kamarsu da fikarel ta isa ta ruɗe wanda ya san kifi, balle ɗan koyo mai rawar sanyi. Wanda ya yi wannan kuskure zai kai gida da abin da yake zaton ya kusa gama girma, alhali ko farawa bai yi ba. Bayan wannan ga hukuma. Kowace jiha a Amurka da nata ƙa'idojin lasisi da irin ragar da aka yarda da ita, wasu kuma sun hana ɗaukar kifi da rai daga ruwan da aka kama shi. A Ontario doka ta hana safarar irin wannan kifi da rai ba tare da izini ba, kuma tun 2005 kwamitin Kanada mai tantance halittun da ke cikin haɗari ya sa fikarel ɗin ciyawa cikin waɗanda ake sa wa ido. A wannan tsakanin ne cutar VHS, mai sa kifi zubar jini, ta bayyana a Manyan Tafkunan Arewacin Amurka, har gwamnatin tarayyar Amurka ta taƙaita ƙetare jihohi da kifi mai rai a watan Oktoban 2006. Saboda haka mutumin da ke tsaye bakin lambatu, jiƙe sharkaf, riƙe da bokiti, yana iya samun kansa yana yi wa jami'in kula da namun daji bayanin cewa shi fa ado yake nema. Tarar da za ta biyo baya sai a tara ta cikin kuɗin kifin kyauta.

Amma duk wannan somin taɓi ne, ainihin bautar a falo take. Sabon tanki ba ya karɓar kifi sai ƙwayoyin halittar da ke sarrafa gubar kashinsa sun kafu, abin da kan ci mako huɗu zuwa shida, kuma mai zumuɗin shiga fadama da wuya ya yi wannan haƙuri tun farko. Tankin sai babba, sai ciyawa mai yawa, sai murfi mai kamawa gam, domin kifin da ke yini bai motsa ba ya iya tsalle, kuma ƙaramar kafa ta ishe shi a wayi gari a tsince shi bayan kujera. Wanda ya zuba shi cikin kifayensa na ado kuwa ya ba kura ajiyar nama. Ba za a ga faɗa ba, ba za a ga jini ba. Kullum dai da safe lissafi ya ragu, shi kuma yana kusurwa da ciki ya ɗan tasa, yana kallon mai gida ido cikin ido. A kawo masa ɗan'uwansa don ya ɗebe masa kewa? In ɗaya ya ɗara ɗaya girma, kewar za ta ƙare ta hanyar da ba a nufa ba, don cin juna ba abin kunya ba ne a danginsu. Garin abincin gwangwani kuma bai san shi ba, abin da bai motsa ba a wurinsa ba abinci ba ne. Sai a koma shagon nan da aka raina ana sayen ƙananan kifaye masu rai duk mako. Mafi araha su ne jajayen kifin gwal, su kuma jikinsu na ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1, ga cututtukan cunkoson shago. Sai a ce to a kiwata abincin a gida, a kafa tanki na biyu. Sai na uku don killace sababbin zuwa. Mutumin da ya fita neman kifi ɗaya na ado ya zama mai gonar kifi a ɗakin baƙi, kuma duk amfanin gonar baki ɗaya ke cinyewa.

Na san abin da masu kare wannan sha'awa za su ce, kuma ba duka ne shirme ba. Za su ce kifin yana da juriya, yana rayuwa a ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci, ba ya buƙatar injin ɗumama ruwa. Haka ne, amma juriyarsa tsawaita wa'adin bara take yi, don yakan kai shekara shida ko bakwai. Za su ce ana iya koya masa cin mataccen abinci. Wannan ma yana faruwa, musamman in an kama shi yana ƙarami, sai dai a dubi yadda darasin ke gudana: magidanci mai iyali, tsugune gaban gilashi da dare, riƙe da dogon hantsaki, yana kaɗa gawar ɗan kifi da ya narkar daga firiza don ta yi kamar mai rai, kifi kuma yana dubansa bai ce uffan ba. Ni ban gane wanda ake horarwa a nan ba. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta 'yan ƙungiyar NANFA, masu sha'awar kifayen Arewacin Amurka, wadda aka kafa a 1972. Su cewa suke mutum ba ya kare abin da bai taɓa gani ba, kuma wanda ya zauna ya kalli wannan maharbi yana lanƙwasa jiki kafin ya zabura ba zai ƙara kallon lambatun gona a matsayin juji ba. Na yarda, har ma ina ganin girmansu. Amma su ai shaiduna ne a wannan shari'a. Sun karanta doka, sun yanki lasisi, sun shirya tanki tun kafin su jiƙa ƙafa, kuma ba za ka ji ɗayansu ya kira kifin nan kyauta ba. Sun san aikin da suka nema, sun sa hannu da idonsu biyu.

Saura mafakar ƙarshe, wadda kowane gajiyayye ke gudu zuwa gare ta: ai ɗan ƙasa ne, in na gaji sai in mayar da shi inda na ɗauko. Amurkawa sun ga ƙarshen irin wannan tausayi. A 2002 aka gano kifin snakehead na Asiya yana hayayyafa a wani kududdufi a Crofton ta jihar Maryland, bayan wani ya saki nasa, kuma a 2021 hukumar garin Burnsville a Minnesota ta nuna hotunan ƙattin kifin gwal da aka ciro daga tafki tana roƙon jama'a su daina zubarwa. Za a ce waɗannan baƙi ne, fikarel kuwa gida zai koma. To amma ya yi wata da watanni yana haɗiyar kifin shago da aka kwaso daga ko'ina, duk cutar da suka zo da ita yanzu tana iya zama tasa, kuma ita ce tsarabar da zai kai wa fadama. Shi ya sa a jihohi da dama sakin kifin tanki cikin ruwan jama'a laifi ne, ko daga can aka kamo shi. Abin da ya rage wa gogan naka shi ne ya nemo wani mai irin lalurarsa ya sauke masa, ko ya ci gaba da hidima. In kuma tafiya ta kama shi, sai ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci, ya miƙa masa makulli da 'yar homa, ya fara bayanin wane tanki ne na masu ci, wane ne na waɗanda ake ci.