Wace ce uwar dokinka?

Kai mutumin Mahuta, sauko daga sirdi mu yi magana. An ce tun da ka ɗaure kilin nan a turke ka hana kowa sakat daga Fakai har Zuru, wai ɗan Larabawa ne, jininsa daga Najadu. Madalla. To, wace ce uwarsa?

Ka ce zagi ne? Maida wuƙar, malam. Tambayar farko ke nan da Balaraben makiyayi na ƙabilar Anaza ko ta Shammar zai jefa maka, don su ta goɗiya suke bin dangin doki. Uba dole ya zama mai asali, amma sunan zuriya na uwa ne, daga ita sai kaka, sai kakar kaka. Manyan zuriyoyin da aka fi ambata biyar ne: Kuhailan, Saƙlawi, Ubayyan, Hamdani da Hadban, kodayake wasu sukan cire ɗaya su sa Mu'uniƙi. Kuma sunan zuriya kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da na gidan da ya riƙe ta. Saƙlawi Jidran, alal misali, ta gidan Ibn Jidran ce. Har goɗiyar da aka kwaso a hari, akan aika wa maƙiyan da aka ƙwace ta hannunsu su faɗi asalinta, kuma su faɗa! Kai fa, wa ka aika wa?

Ka ce dillali ya rantse maka? Yo su ma suna rantsuwa, amma a rubuce, da shaidu da hatimi. Abbas Pasha, wanda ya mulki Masar daga 1848 zuwa 1854, bai tsaya a rantsuwar ba ma. Sai da ya tura mutane suka bi ƙabilu suna rubuta tarihin goɗiyoyi daga bakin masu su. Baturiyar nan Lady Anne Blunt kuwa da ƙafarta ta shiga hamada ita da mijinta, suka kafa barga a Ingila a 1878. Kai ko hayaƙin mota ba ka shaƙa ba, ka samu asali a ɓagas.

Haba, kada ka ɓata rai, juyo da fuskarsa mu gani. Na Larabawa karan hancinsa a lotse yake, goshi da faɗi, wutsiya a ɗage in yana gudu. Naka fa? Hanci a gantsare kamar na ragon layya. Wannan tambarin Dongola ne, can bakin kogin Nilu a Sudan, ko kuma na dawakin Magrib da suka ƙetaro Sahara tare da fatake. Su ne kakannin mafi yawan dawakinmu.

Ka ce na rage masa daraja? Ni? Wane ni! Sarakunan ƙasar Hausa daga Borno da Azbin suke neman na hawa, kuma ba a taɓa jin mai ɗan Azbin ya sunkuyar da kai ba. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kananeji, 1390 zuwa 1410, aka fara lifidi da kwalkwali da sulke. Ka san irin ƙashin da ake buƙata a ɗauki barde da wannan lodi? Mu dai abin da muka ƙware a kai launi ne: akawal, danda, bikili, gunya, hurde. Mun haddace rigar doki, mun manta kakanninsa.

Na ga ka fara murmushi, ashe labarin ya iso maka. E, gaskiya ne, a 2000 wata masaniya a Amurka, Ann Bowling, da abokan aikinta sun gwada ƙwayoyin halittar da ake gada ta wajen uwa, suka tarar dawakai masu sunan zuriya ɗaya ba lallai uwarsu ta asali ɗaya ba ce, wasu masu sunaye daban kuma ashe 'yan ɗaki ɗaya ne. Ka ce ashe su ma shaci-faɗi suke yi? Sannu, gwani. Tasu sarƙa ce doguwa da ta tsinke a wasu wurare. Kai ko igiyar ba ka da ita, sai lambar wayar dillali, ita ma a kashe.

Ranar salla ka ɗaura masa kaya, ka yi sukuwa son ranka, ni ma zan ɗaga maka hannu. Amma in maroƙi ya wage baki ya ce ɗan Najadu, ka rage masa kuɗin.