Gasar Sana'ar Mutanen Da

Ƙungiyar Society for Creative Anachronism, wadda aka kafa a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1966, tana tara masu sha'awar kwaikwayon rayuwar kafin shekara ta 1600. Cikin harkokinta akwai gasar aikin hannu, inda ake baje saƙa, ɗinki, ƙira, rubutu, har da girki.

Shiri yana farawa da bincike. Mai shiga gasa yakan nemo asalin abin da zai kwaikwaya a gidan tarihi ko a tsohon zane, sannan ya yi shi da kayan wancan zamani. Maɗinki ya ajiye keke ya ɗauki allura. Marini ya jiƙa saiwa da ganye. Mai girkin Turai na ƙarni na 14 kuwa ba shi ba tumatir, ba dankali, ba barkono, domin sai bayan 1492 suka ƙetaro daga nahiyar Amurka.

Sai takardar hujja, mai bayyana wa alƙalai zamani, wuri, kayan aiki da dalilin kowane sauyi. Wani lokaci takan fi kayan nauyi. A kwamfuta ake buga ta, kuma wannan ba ya damun kowa.

Ranar gasa akan shimfiɗa ƙyalle a tebur a jera kaya. Alƙali yakan juya riga ya duba cikinta, daidai wurin da mai ita ya yi fatan a tsallake. Wanda ya ƙware ana iya karrama shi da lambar yabo ta Order of the Laurel, amma kuɗin zare daga aljihunsa yake fita.