Mutanen Fagen Kokawa a Ƙasar Gobir

Da zarar an ɗaure gero an zuba a rumbu, ƙauyukan Sabon Birni da Isa kan tuna da kokawa. A da har dare ake kaiwa ana kiɗa. Yanzu da 'yan bindiga suka hana mutane sakewa, inda aka samu aka yi, da sauran rana ake watsewa. Amma mutanen fagen ba su canza ba.

Ga mai layu. Guru a kwankwaso, kambu a damtse, wata ƙwarya ta rubutu da yaronsa ke riƙe masa. Sai ya zagaya fage, ya durƙusa ya yi zane a ƙasa, ya tofa, ya ɗebi rairayi ya watsa gabas da yamma, ya koma ya ƙara ɗaure wani ƙulli da malaminsa ya ce kada ya manta. Makaɗi ya gaji, 'yan kallo sun gaji. Ana sa hannu, kafin mai gyaɗa ya ba ka canji, ya sha ƙasa. Zai tashi yana kakkaɓe walki yana cewa an karya masa asiri, wai wata mace ce ta tsallake masa guru da safe.

Shi kuwa mai kirari, jikan Bawa Jan Gwarzo ne, haka yake faɗa. Yakan lissafo kakanninsa tun daga Alƙalawa, birnin da ya faɗi a 1808, har maroƙi ya rasa abin ƙarawa. A fito masa da abokin karawa, sai ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan ai ƙanena ne, ba na taɓa yara." Shekara da shekaru ba a taɓa kayar da shi ba, kuma gaskiyarsa.

Tsohon ɗan kokawa yana gindin bishiya da goronsa. Kowane kamu aka yi, ba haka ake yi ba. A bakinsa za ka ji cewa saura ƙiris ya kayar da Kantu na Maraɗi, wanda ya fara ɗaukar takobin gasar kokawar Nijar a Tawa a 1975. Bara ƙafa ɗaya ya ɗaga wa Kantu, bana ta zama biyu. In ka ce, "Baba, a wane gari aka yi?" sai tari ya sarƙe shi.

Wanda ya fi haɗari shi ne ɗan kallon da ke kokawa daga zaune. Ana riƙe-riƙe a fage, shi yana cakumar wuyan maƙwabcinsa, yana sa masa ƙafa. Lokacin gasar takobi ma, in ya kafa kunne a rediyo yana jin kokawar Issaka Issaka na Dosso, yara ba su kusantar tabarmarsa.

Sai wani siriri da ya baro aikin albasa a fadamar Rima, ba maroƙi, ba yaron ƙwarya, laya ɗaya tak a hannu. Ya shiga, ya kama, ya kayar, ya karɓi ɗan abin da aka liƙa masa, ya hau kekensa don kada magariba ta riske shi a hanya. In ka je kallo, kuɗin karinka ka ba wannan, kuma ka zauna nesa da mai kokawa daga zaune.