Kwana Uku a Duwatsun Shere da Tukunyar Uwargida

Likita ne ya fara ja mini. Ya auna jinina, ya dubi tumbina, ya ce, "Alhaji, ka riƙa ɗan tattaki da safe." Iyakar abin da bawan Allah ya faɗa ke nan. Da na tsaya a kan maganarsa, ina takawa daga Bauchi Road zuwa Terminus ina dawowa, da yanzu farcen babban yatsan ƙafata yana nan inda Allah ya dasa shi. Sai tsautsayi ya sa na yi zancen a gaban ƙanen matata, yaron da ya taɓa zuwa horon Man O' War a gindin duwatsun Shere, wanda tun daga lokacin ko tsibin yashi ya gani sai ya hau.

"Yaya, ai kwana uku kake buƙata a Shere," in ji shi. "Tumbin nan a can za mu baro shi."

Shekara 20 ina zaune a Jos ina hangen duwatsun nan ta gabas, ban taɓa jin suna kirana ba. Amma da yaron ya ce ƙololuwarsu mita 1,829 ce, garin Jos kuwa da ma yana kan tudun da ya kai mita 1,200, sai na buga lissafin ɗan kasuwa. Saura ɗari shida da 'yan kai. Daga shagona zuwa masallacin Juma'a ma ya fi haka. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne hanyar masallaci a kwance take, wannan kuwa a tsaye.

Uwargida ce ta haɗa jaka, kuma ta haɗa ta kamar mai sallamar maniyyaci. Shinkafa mudu guda, risho da kwalbar kananzir, bargo biyu, filas, buta, darduma, sukari, madarar gwangwani, kilishi, sai tukunya mai jan murfi da ta ɗaure a bayan jakar da igiya. Ni na ƙara rediyo don kada labarun duniya su wuce ni. Na je kasuwar Katako na zaɓo takalmin gwanjo mai kama da na soja, wanda ya ɗan fi ƙafata, na ce ai safa za ta cike.

Muka tashi daga wajen Lamingo da sanyin safiyar Janairu, mu uku har da jagoranmu, wani saurayi ɗan ƙabilar Afizere, waɗanda muke kira Jarawa. Silifas ne a ƙafarsa, sanda a hannu, gorar ruwa a rataye. Ya dubi kayana ya yi shiru irin na mai tarbiyya.

Rabin sa'ar farko har waƙe-waƙe nake yi a zuci. Daga nan igiyoyin jaka suka fara neman ƙashin kafaɗata, tukunya kuma ta kama aikinta: duk taku ɗaya sai murfin ya ce ƙwal, kamar saniyar da aka rataya wa ƙararrawa. Na hangi wani ƙaton dutse a sama na ce, "Alhamdu lillahi, ga ƙarshen." Muka hau, sai ga yayansa a bayansa. Muka hau yayan, sai ga ubansu. A ranar na fahimci hangen Dala ba shiga birni ba ne, fahimtar da malamin Hausa bai iya cusa mini ba a firamare.

Ina dafe da dutse ina haki sai ga wata tsohuwa ta ɓullo daga sama, da dammin itace a ka wanda ya fi ni tsawo. Ta tsaya ta ƙare mini kallo, ni da tukunya da buta.

"Sannu Alhaji. Ƙaura ake yi?"

Na ce motsa jiki ne, Iya. Ta ce Allah ya ba da lafiya, da irin muryar da ake yi wa wanda aka kai asibiti, ta gangara kamar akuya.

Daren farko mun kwana a wani fako tsakanin duwatsu. Sanyin Jos na cikin gari, wanda muke kuka da shi muna cikin ɗaki da garwashi, ashe ɗan aike ne. Uban gidan yana sama. Iska ta riƙa ɗaga tantinmu tana ajiyewa. Da na buɗe jaka don haɗa shayi, na tarar kananzir ya kwance ya yi zumunci da sukari da shinkafa. Mun sha shayin a haka, ni da yaron, kowa na tsoron yin gyatsa kusa da wuta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne fitilun Jos da nake gani ras a ƙasa, har ina jin zan iya nuna unguwarmu. Wayata ta yi ƙara, uwargida ce, tana tambaya ko mun shiga jihar Bauchi. Na ce mun kusa.

Da asuba na taɓa ruwan buta na janye hannu. Na fara tuno babin taimama, ina neman inda malamai suka yi wa mai tumbi sassauci. Yaron ya ce, "Yaya, ga ruwa a gabanka, kuma lafiyarka ƙalau." Na yi alwala ina karkarwa. Ruku'u ya yiwu, sujada ma ta yiwu, tasowa daga sujadar ce sai da aka yi taron dangi.

Rana ta biyu takalmin gwanjo ya nuna halinsa. Bororo biyu a dunduniya, ɗaya a ɗan yatsa. Jagora ya nuna mana wasu duwatsu da ake kira Gog da Magog, wato Yajuju da Majuju, na ce lalle wanda ya raɗa sunan ya hau su da kaya. Can muka iso wata tsaga tsakanin duwatsu biyu, wadda dole sai an bi ta a karkace. Jagora ya wuce kamar zare a allura. Yaron ya wuce. Ni na shiga har rabi, tumbi ya ce nan ya sauka. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Wasu remaye a kan dutse suka fito suna kallo. Jagora na ja ta gaba, surukina na turawa ta baya yana cewa, "Yaya, fitar da numfashi! Duka!" Na fita, maɓallan riga uku suka zauna.

Gaskiya ɗaya zan faɗa: da muka kai sama na manta da ƙafata na ɗan lokaci. Ga Jos a shimfiɗe cikin hazo, ga gonaki da shingayen kerana kamar an zana su da alƙalami, ga ruwan dam na ƙyalli. Yaron ya fara lacca, wai daga tudun Filato kogin Kaduna da na Gongola suke tasowa. Na ce to ina nasu ruwan, don gorunanmu sun bushe tun azahar.

Wata rugar Fulani ce ta cece mu da yamma. Matar gidan ta ba mu ruwa, ta dama mana fura da nono mai sanyi, na sha ƙwarya guda ban ɗago ba. Ina ajiye ƙwaryar na lura idonta na kan tukunya. Ni kuma kafaɗata ta riga ta yanke hukunci. Na kwance igiya na miƙa mata, na haɗa da shinkafar, bayan na yi mata bayanin kananzir don kada in ci amana. Ban taɓa yin kyautar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Saukowa ba ta da labari mai tsawo. Gwiwoyina suka ajiye aiki, na ƙarasa mafi yawan gangaren a zaune, wandona ya biya kuɗin. Da muka faɗo wani ƙauye na ga ɗan acaɓa, na rungume shi kamar ɗan'uwan da ya dawo daga Makka. Tafiyar da muka yi kwana uku muna yi, cikin minti 25 ya maido ni bakin gari.

Likita ya sake ɗora ni a sikeli: kilo ɗaya ya ragu, kuma ina zargin har da nauyin farcen da ya fita. Wannan duk mai sauƙi ne. Ashe tukunyar nan cikin kayan auren uwargida take, mahaifiyarta ce ta saya mata. Wata biyu ke nan ana zuba mini tuwo ba a ce mini sannu.

Don haka jama'a, duk wanda hanya ta bi da shi ta wata ruga a bayan Shere, ya ga tukunya mai jan murfi da ɗan lotsawa a gefe, don Allah ya yi mini magana da matar gidan. Zan ba da sababbi biyu, kuma ni ba zan iya zuwa karɓa da kaina ba.