Mutanen da Ake Samu a Gayyar Linux

A watan Agusta na 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana ɗan haɗa wata babbar manhajar kwamfuta don rage dare, kada kowa ya sa rai za ta zama wani abin kirki. Yau abin rage daren nan, Linux, shi ne a cikin kowace wayar Android, kuma tun 2017 shi ke jan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya. Da gayya aka yi shi: gona a buɗe, kowa na iya leƙa rubutun manhajar, kowa na iya kawo fartanyarsa. Wanda ya taɓa zuwa gayya kuwa ya san ba kowa noma ke kawo shi ba. Wani fura ce ta kawo shi, wani kiɗa, wani kuma don ya gaya wa mutane ba haka ake riƙe fartanya ba. Na daɗe a bakin gonar nan, ga waɗanda na gani.

Na farko Mai Gyaran Suna. Kana cewa Linux zai ɗaga hannu kamar ɗan sandan hanya: "GNU/Linux, malam." Daga nan sai tarihi. Tun 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU, an ƙera jikin mota da kujeru da sitiyari, Linus inji kawai ya kawo. Gaskiya ya faɗa. Sai dai kai firintarka ce ta ƙi aiki, ita ka zo tambaya. Ka gaya masa haka, sai fuskarsa ta washe, don shi ma Stallman firinta ce ta ɓata masa rai a jami'ar MIT, aka hana shi ganin rubutun manhajarta. Ka ƙara wa kanka awa guda ke nan. Babbar wahalar Stallman ita ce Turanci, inda kalma ɗaya ke nufin abin da ba a biya da kuma abin da ba a ɗaure ba. Shekara arba'in yana bambance su. Da da Hausa aka fara maganar, da an huta tun rana ta farko: kyauta daban, 'yanci daban.

Sai Auri-Saki. Ran Litinin yana tare da Ubuntu, ɗaya daga ire-iren Linux, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004. Ran Laraba ya gano halinta, ya ɗauko Fedora. Kafin Juma'a Mint ta tare. Kowacce ya kawo sai ya rantse daga ita ya rufe ƙofa. Aljihunsa cike da filashi, amma ko wasiƙa ɗaya bai taɓa rubutawa da kwamfutar ba, aikinsa girkawa da gogewa. Idan ya gaji sai ya yi kome wajen Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, yana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Sai a lokacin ya gane Ubuntu da Mint duk jinin Debian ne, ashe a dangi ɗaya yake ta zagaye.

Ɗan Arch ba sai ka neme shi ba. Kafin ka amsa sallamarsa ya gaya maka da Linux irin na Arch yake aiki. Yayansa ɗan Gentoo ya fi shi tsanani: ba ya sayen gari a kasuwa, sai ya shuka dawar, ya girbe, ya surfa, ya niƙa, wato kowace manhaja sai kwamfutarsa ta haɗa ta daga tushe. Na taɓa bin zugar wani irinsa. Kwamfutata ta kwana tana nishi tana haɗa burauza, fanka na kuka kamar injin markaɗe. Da asuba, saura ƙiris, aka ɗauke wuta, batir kuma dama ya daɗe da rasuwa. Da na kai masa kuka sai ya ce, "Ai ka ƙaru."

Akwai Sarkin Ƙofa. Sabon shiga ya zo da ladabi ya ce kwamfutarsa ta ƙi tashi, sai ya dube shi sama da ƙasa: "Ka karanta littafin bayani?" Littafin kuwa yana cikin kwamfutar da ta ƙi tashi. Wai da Linus yake koyi wajen zafin baki. Ya manta shi Linus, ban da Linux, ya rubuta manhajar Git a 2005, kuma a 2018 da kansa ya nemi afuwa kan zafin nasa, ya ɗan janye don gyara hali. Sarkin Ƙofa ya gaji faɗan, bai gaji aikin ba. Idan babu baƙon da zai kora, sai ya koma tsohuwar gaba tsakanin vi da Emacs, manhajojin rubutu biyu 'yan 1976, waɗanda magoya bayansu har yau ba sa ga-maciji.

Can gefe, a inuwa, Ɗan Sarauta ne zaune, mutumin BSD. Ba ya ɗaga murya, asali yake lissafawa: Unix na Ken Thompson da Dennis Ritchie a Bell Labs a 1969, daga nan Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, daga nan FreeBSD da NetBSD a 1993. A wurinsa Linux baƙo ne da ya shigo gari ya yi arziki. Yana da abin faɗa, don daga 1992 zuwa 1994 gidansu na kotu da ɓangaren kamfanin AT&T kan rikicin gado, kafin a sasanta baƙo ya riga ya cika kasuwa. Zai gaya maka na'urar wasa ta PlayStation 4 da injinan da Netflix ke aiko fim da su duk a kan FreeBSD suke. Ka ce ba ka taɓa ji ba, sai ya gyara zama: "Mu ba ma talla."

Mai Yaji kuwa shi ne ya fi ba ni mamaki. A wannan gari idan mutum ya yi fushi, da gidan gaba ɗaya yake tafiya, ɗakuna da rijiya da akurkin kaji, kuma gidan na nan inda yake, don lasisi ya halatta wa kowa ya kwafi komai ya sa sabon suna. Haka Theo de Raadt ya rabu da NetBSD ya kafa OpenBSD a 1995. Haka wasu suka ɓalle suka kafa Devuan da Debian ta rungumi manhajar systemd a 2014. Ba kasafai ake zuwa biko ba, kuma wani yajin alheri ne: daga OpenBSD aka samu OpenSSH, mabuɗin da masu kula da injinan intanet ke shiga da shi daga nesa.

Malamin Duba ba ya cin lokaci. Kowace Janairu zai buga ƙasa ya ce bana Linux zai kori Windows daga teburin kowa. Disamba ta zo, ya ce lissafi ne ya ɗan goce, sai baɗi.

Ci-ma-Zaune shi ne mafi yawa. Bai biya ko sisi ba, bai taɓa cire ko ciyawa ɗaya ba, amma shi ke buga tebur: "Wai yaushe za ku gyara abin nan?" Wani lokaci mutum ɗaya ne, wani lokaci kamfani ne mai ribar biliyoyi.

Wanda ake buga wa teburin shi na ajiye ƙarshe, Mai Riƙo. Ba shi da kirari. Bayan ya tashi daga aikin da ke ciyar da shi, sai ya zauna da dare yana toshe ɓarakar wata 'yar manhaja da duniya ke tsaye a kanta ba ta sani ba. Irinsa ne ke kula da xz, mai matse fayil, kusan shi kaɗai shekara da shekaru. Ya gaji, aka yi ta matsa masa, sai ga wani mai kiran kansa Jia Tan, ga ladabi ga ƙwazo. Ya yi wajen shekara biyu yana taimako har aka miƙa masa mabuɗi, shi kuwa ya haƙa ɓarauniyar hanya a ciki. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga ta SSH ta ƙara jinkirin rabin daƙiƙa. Maimakon ya ce sabis ne, sai ya bi sawu har ramin. Kwana biyu duniya ta tuna akwai Mai Riƙo, aka yi ta jajantawa, sannan kowa ya koma inuwarsa.

A gayyar ƙauye mai gona ke dama fura. Wannan gonar ta kowa ce, don haka kowa na jiran wani ya dama. Ni da ke wannan lissafi, da kwamfutar Linux na rubuta shi, kuma da na duba jerin sai na tsinci kaina a layin Ci-ma-Zaune, da ɗan ɓurɓushin Auri-Saki. Shekarata nawa ina matse fayil da xz, sai da ɓarawo ya shiga gidan na san sunan mai gadinsa.