Wasiƙa Daga Makiyayin Tsutsa

Birmingham, Ingila

Zuwa ga taubashina, sarkin 'yan bani-bani,

Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da amarya da rundunar yaran nan da kai kanka sai ka ƙirga da yatsu kafin ka faɗi yawansu. Ya zafi? Mu nan sanyi ake zubawa, irin wanda mutum zai tsaya gaban famfo da asuba yana tuno hukunce-hukuncen taimama ɗaya bayan ɗaya.

Saƙonka na kuɗin shara ya iso, na farko da na biyu, da na ukun da ka haɗo da hoton tsinkakken takalminka. Ka ƙara haƙuri. Kuɗin sun tafi wajen dabbobi, don na fara kiwo. Kafin ka zari hula ka ruga ka gaya wa Goggo cewa ɗan ƙaninta ya sayi garke a Turai, zauna ka ji irin dabbobin. Tsutsa ce. E, tsutsa, wadda ka sani.

Mai gidan da nake haya wani dattijon Bature ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. Na raɗa masa Baba Mai Tsutsa. Da ya tambayi ma'anar sunan na ce masa sarauta ce babba a ƙasarmu, yanzu ko a waya da shi yake gabatar da kansa. Ranar da na tare ya ce akwai ɗaki ɗaya a sama da ba ya so a bar ƙofarsa a buɗe. Na ce a raina, to, ashe su ma suna da ɗakin tsafi.

Kwana uku da tarewata na dawo daga aikin dare, ido duk barci, na kunna fitilar matakala, sai ga wani abu manne da labule. Faɗinsa ya fi taƙi, ja-ja da ruwan ƙasa kamar tsohuwar darduma, ga wasu tagogi huɗu masu kusurwa uku a jikinsa, ana hango labulen ta cikinsu. Da na matsa sai na ga kan maciji a gefen dama, wani kan maciji a gefen hagu, har da ido da layin baki. Na yi a'uziyya, na cire silifa. Silifar tana sama ke nan na ji an cafke mini hannu ta baya. Dattijo ne cikin kayan barci, jikinsa na rawa, yana cewa yau da safe ta fito, yau da safe ta fito, kamar mai ba da labarin haihuwa. Wallahi da na sauke silifar nan da yanzu a tashar bas nake kwana.

Ashe faɗa-wuta ce, irin abin nan da ke zagaye fitilar ƙwai a tsakar gida har ya ƙone. Sai dai wannan giwar faɗa-wuta ce. Atlas suke ce mata, asalinta dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, su Malesiya da Indonesiya da Tailan, kuma idan ta buɗe fukafukai takan kai santimita 24. Kan macijin zane ne Ubangiji ya yi mata a ƙarshen fiffike, an ce don tsuntsu ya gani ya canza shawara. Ni dai shaida ne, ya yi aiki a kaina.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba ta cin abinci. Bakin ma babu na kirki. Duk cin da za ta yi a duniya tun tana tsutsa take gama shi, ta tara kitse, in ta fito da fukafukai kitsen nan take ƙonawa, mako ɗaya ko biyu ta yi aure ta zuba ƙwai ta mutu. Da Baba ya gama yi mini wannan bayani kai na fara tunawa. Na ce ikon Allah, ya yi halitta marar baki, ya kuma yi taubashina.

Yadda na faɗa cikin harkar kuwa, ƙafa ce ta kama dattijo, ya roƙe ni in riƙa yanko masa ganye, zai rage mini kuɗin haya. Ka san ni da jin kalmar ragi. Ƙwan nasu bai wuce ƙwayar gero ba, a gidan waya ake aiko shi cikin ɗan bututu. Bayan kamar mako biyu su ƙyanƙyashe, 'yan mitsi-mitsi, sai ka tausaya musu. Kada ka tausaya. Cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki kowace za ta kai tsawon yatsanka na tsakiya har ta ɗara, ta fi babban yatsa kauri, kore-kore da wata farar hoda a baya kamar wadda ta fito daga injin niƙa. In fata ta matse ta sai ta tuɓe ta yar ta ci gaba da ci. Da dare in gari ya yi tsit kana jin ƙarar taunarsu daga ƙofa, kashinsu kuma yana sauka kan jarida, ɗis, ɗis, kamar farkon yayyafi a kan kwano. Kowane kashi ya kai ƙwayar masoro. Ni ke kwashewa da safe. Ni da digirina.

Ganyen da suke ci a nan na wani itacen shinge ne da ake kira firibet, wanda kusan kowane gida ya kewaye ƙofarsa da shi, kuma ba ya kaɗewa duka lokacin sanyi. Sai an wanke shi tas saboda maganin feshi da hayaƙin motoci, a tsoma reshen cikin kwalbar ruwa, a toshe bakin kwalbar da auduga. In ba a toshe ba, sakarkarun sai su bi reshe su gangara cikin ruwa su nutse. Biyu sun yi mini haka, Baba ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Shingenmu ya ƙare cikin mako uku. Ka kwatanta a ranka: baƙin mutum, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, hular sanyi har ido, almakashi a hannu, jaka a kafaɗa, yana laɓe jikin shingen maƙwabta. Wata tsohuwa ta ɗaga taga ta ce me nake yi. Na rasa ƙaryar da zan yi, na faɗi gaskiya, na ce abincin tsutsa nake nema. Na ɗauka 'yan sanda za ta kira. Sai ta ce, kai, madalla, in dawo gobe da rana in yi har ɓangaren baya. Yanzu gidaje huɗu nake yi wa askin shinge kyauta, suna ta yabon kirkin 'yan Najeriya.

Akwai kuma abin da ya faru da azumi, wanda na roƙe ka kada ya wuce kunnenka, duk da na san kamar na ba mai shela ne. An kusa shan ruwa na buɗe firiji, sai ga wata robar bota kusa da daddawata, cike da wasu abubuwa ruwan ƙasa, busassu, kowane a naɗe cikin ganye. Na ce Allah sarki Baba, ya ga ina azumi ya sayo mini dabinon Turawa. Na ɗauki ɗaya ina jiran lokaci. Dabino ya motsa a hannuna. Ba motsi kawai ba, har da ƙara, kar-kar-kar, kamar goro a cikin gwangwani. Ban san sanda na tsinci kaina a bakin titi ba takalmi. Ashe ƙwanson wata faɗa-wutar Amurka ce mai suna Luna, koriya shar mai dogon wutsiya. Ita a ƙasarsu a cikin ƙwanso take cinye damunar ƙanƙara tana barci, don haka sai a ajiye ta a firiji a ruɗe ta, in bazara ta zo a fito da ita. Tun ranar ko dabinon gaske sai na matsa shi na saurara.

Babbar wahalar sana'ar ita ce aure. Tun da kwanansu a duniya kaɗan ne, dole mace da namiji su fito kusan lokaci ɗaya, su kuwa ba sa shawara da kowa. Macen ta fi girma, ciki cike da ƙwai, ba ta son tashi. Zama take yi ta saki wani ƙamshi da hancin mutum ba ya ji, namijin ya shaƙo shi daga nesa da wasu gashin kai biyu masu kama da gashin tsuntsu. A watan jiya mace ta fito mana, ba namiji ko ɗaya. Baba ya hau waya kamar uban da 'yarsa ta gama makaranta, yana kiran abokan harka gari-gari. Aka samu ango a Leicester. Wa aka tura ɗauko shi? Na shiga jirgin ƙasa na dawo rungume da kwalin takalmi mai huji-huji, duk wanda ya matso in harare shi. Ba lefe, ba sadaki, ba kayan na-gani-ina-so, ni ne waliyyi ni ne abokin ango. Aka sa su keji ɗaya aka kashe fitila. Da safe muka tarar sun daidaita, haka suka wuni manne da juna. Ta zuba ƙwai sama da ɗari a jikin raga. Angon bai ga mako ba. Ka gaya wa masu cewa auren Kano ne ke kashe maza.

Kada ka ɗauka Baba kaɗai ne mai wannan taɓuwar. Ƙungiya gare su ta masu sha'awar ƙwari tun 1935, kuma duk shekara suna cin kasuwa ta yini guda a filin sukuwar dawaki na Kempton Park, kusa da Landan. Da ya ce mu je filin sukuwa na sa babbar riga, ina tsammanin hawa. Ko jaki ban gani ba. Tebura ne jere, wannan yana sayar da ƙwai dozin-dozin, wancan ƙwanso, wancan malam-buɗe-littafi busasshe an soke shi da allura cikin gilashi, ga masu gizo-gizo, ga masu kunama. Na ga wani ƙato da gemu yana ciniki a kan kyankyason Madagaska, ya biya, ya sa a aljihu yana murmushi. Na tuna bayan gidanka, na ce ashe taubashina attajiri ne bai sani ba. Ni ma dai, kada in ɓoye maka, na sayi ƙwanso biyu fam goma-goma. Ka je Wapa ka tambayi canji, sannan ka yi kukan da kyau.

Na san yanzu idonka ya buɗe, ka fara lissafin tura yara daji da buhu. Tsaya. Gaskiya ne akwai masu ci da harkar. A Kenya, gefen dajin Arabuko Sokoke, akwai wani shiri da ake kira Kipepeo, wato malam-buɗe-littafi da Suwahili, tun 1993 manoma ke kiwonsu ana aiko su Turai tun suna cikin ƙwanso, a shimfiɗe a auduga, zuwa gidajen kallo irin wanda ke Stratford nan kusa da mu. Amma da takardu ake yi, kuma da sauri, in kaya suka maƙale a hanya sai su fashe a cikin kwali. Wasu ma haramun ne a taɓa su. Mafi girman malam-buɗe-littafi a duniya, na ƙasar Papua New Guinea wanda aka sa wa sunan Sarauniya Alexandra, dokar ƙasa da ƙasa ta hana cinikinsa. Na farkon da Bature ya samu a 1906 ma da bindiga ya harbo shi, kamar zabo. Baba kuma kullum sai ya ba ni labarin wani Bafaranshe, Trouvelot, da ya kai wata faɗa-wutar Turai garin Medford na Amurka wajen 1869 yana neman siliki. Suka kuɓuce masa ta bayan gida, har yau jikokinsu na cinye ganyen dazuzzukan Amurka. Shi kuwa ya watsar da ƙwari ya koma kallon taurari. Wannan mutumin ko tantama babu taubashin wani ne.

Wani dare muna wanke ganye Baba ya tambaye ni ko na san tsamiya. Na ce wadda ake kunu? Ya ce a'a, ta riga. Ya hau sama ya sauko da wani abu kamar tsohuwar jakar fata, ruwan ƙasa, ya ce wannan gidan wata tsutsar ƙasarmu ce da suke kira Anaphe. Ɗaruruwa ne ke haɗuwa su saƙa gida ɗaya su kwanta ciki, mutanenmu su ciro shi, su dafa da toka, su kaɗa zare. Zaren da ake aikin wuyan manyan riguna da shi ke nan, da shi kuma Yarbawa ke saƙa sanyan. Ba dangin Atlas ba ce, in ji shi, sana'a ce ta haɗa su. Dangin Atlas na jini a wajenmu ita ce tsutsar kaɗanya, wadda Nufawa ke busarwa su sa a miya. Na yi shiru. Shekara nawa muna ganin Kaka yana saɓa rigar tsamiyar nan ranar Sallah, muna rububin riƙe masa hannun riga, ban taɓa tambayar daga ina zaren ya fito ba, sai da na zo Birmingham tsohon ma'aikacin reluwe ya gaya mini. Don kada in ji kunya na ce masa ai kowane yaro a garinmu ya san wannan.

To yanzu ya matsa sai ya ga rigar. Don Allah ka je ɗakin Goggo, tana cikin adakar nan ta ƙarƙashin gado, ka shimfiɗa ta a rana ka ɗauko mini hoton gaba da na aljihu, kusa-kusa yadda zare zai fito. Hoto na ce. Na san adadin askar da ke jikinta, kuma na san hanyar dillalai ba ta yi maka nisa.

Ka gaida Goggo da Kawu da Inna. In Inna ta tambayi aikin da nake yi, ka ce mata ina harkar siliki.

Naka,
taubashinka kuma ubangidanka.

Af, na manta. Ƙwan amaryar nan sun fara ƙyanƙyashewa jiya, baki sama da ɗari, ga shingen layinmu duk na aske. Maganar kuɗin shara sai baɗi.