Yadda Ake Yawon Kwale-kwale a Mai Wurno a Dawo da Hula a Kai

Da farko ku tara mutum goma sha biyu, ku tabbatar goma ba su iya ninƙaya ba. Samunsu ba wuya, domin ƙauyukan Jazira cike suke da dattawan da suka ƙare rayuwa suna ban ruwa a gonakin auduga, amma Shuɗin Nilu bai taɓa wuce musu idon sawu ba. Ragowar biyun kuwa, ɗaya ya iya amma ya tsufa, ɗaya kuma da baki ya iya.

Kada ku kuskura ku tafi da damina. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan tsaunukan Habasha ke gangarowa, ja wur da laka, ɗauke da itatuwa har da saiwarsu. Ku bari sai sanyi ya shigo, kogi ya kwanta. Wani masani a cikinku zai ce ai tun da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020, kogin ya yi ladabi. Ku gode masa, ku ba shi wurin zama na gefe.

Ku isa mashigi da sassafe, lokacin da kowa ke da aikin yi in ban da ku. Masunta na sauke karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, masu lambu na loda albasa da tumatir, yara na jan jakuna da jarkoki, ku kuma ga ku cikin fararen jallabiyoyi kamar masu rakiyar ango. Duk wanda ya tambaye ku inda za ku, ku ce ziyara. In kuka ce yawo, sai labarin ya riga ku isa Sinja.

Shiga jirgin shi ne babban aikin ranar. Al'ada ta ce babba ne gaba, ɗan fito kuma ya ce mai nauyi a tsakiya, sai ya zamana duk Alhaji ɗaya ake nufi. Za a fara: "Bismillah, Kawu." "A'a, Alhaji, ina ni ina riga ka?" "Don Allah dai, Kawu." Ana wannan kara, Kawu ya riga ya sa ƙafa ɗaya a jirgi, ɗayar tana tudu, jirgin kuma bai san kara ba, yana ta ja da baya. A nan ne matasa za su riƙe dariyarsu, su riƙe Kawu. Da zarar an zauna kuma, an zauna ke nan. Ko surukinka ne ya ratso a wani jirgin, kada ka miƙe don dafa kafaɗa da musabaha. Kana tsugune tun farko, a ɗauka gaisuwar ce.

Rigar ruwa a sa ta a kan jallabiya, ko da ta ɓata kwalliya. Wanda ya ce shi ya yi addu'a, a ce masa madalla, a ɗaure masa igiyar. Gwangwanin kwashe ruwa kuwa a miƙa wa wanda ya fi kowa surutu, domin katakon bagaruwa yana da ƙarfi amma bai yi alkawarin hana yoyo ba.

Ku fara tuƙi kudu, kuna hawan ruwa, tun da sauran ƙarfi a damtse, don dawowa ta zo da sauƙi. Kogin arewa ya nufa, kuma a arewa da Mai Wurno madatsar Sinnar take, wadda aka gama a 1925, tsawonta wajen kilomita 3. Daga nan ake sakar wa gonakin Jazira ruwa. Mutumin Jazira zai iya lissafa cewa ta babbar magudana zai isa gida ba kuɗin mota. Lissafin daidai ne, sai dai a kwance zai isa.

A tsakiyar kogi dattijon tafiyar zai gyara murya. Zai tuna muku Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka kafa wannan gari. "Mu jikokin waɗannan ne, ruwa zai ba mu tsoro?" Ku ce gaskiya ne, Baba. Kada kowa ya tuna masa cewa da ƙafa suka zo, kuma tun da aka taso bai saki gefen jirgi ba.

Hanya ta masu aiki ce. Jarkar da kuka gani tana yawo alamar ragar masunci ce, ba tsintuwa ba. A mashigin da banton, wato babban jirgin fito, ke haye da motoci da raƙuma, ku kauce tun daga nesa, ku fuskanci igiyar ruwansa da goshin jirgi. In matuƙinsa ya ƙwala "Ya zol!", ba gaisuwa ba ce. Kututturen da ke hawan ruwa shi kaɗai, kada a taɓa shi da filafili don a tabbatar.

Agashe da kisra a ci su a kan yashi bayan an fita. Mai jabana, wato gahawa, zai rantse zai iya hura gawayi a cikin jirgi ba abin da zai faru, sai a karɓe ashanarsa cikin mutunci.

Kuɗin ɗan fito ku biya cif, ku ɗora masa na shayi mai kauri. Shi kaɗai ya ga wanda ya kira sunan uwarsa sa'ad da banton ya wuce, kuma ba ya fashin majalisa da yamma.